Ambulan a Kan Keken Mai Soso

12 ga Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da Gwaggo da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Gwaggo, kumburin ya sauka? Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da ta tarbe ni tun a filin jirgi, ita ma ta fara sakina.

Da waya ce da tuni mun gama magana, amma tunda injin yankan katako ya cinye maka kunnuwa, ga ni na koma biro da takarda kamar mutanen da. Inna ta ce in ban rubuto maka ba kada in ƙara kiranta uwa. Ta ce ko da yake kakanninku ne wa da ƙane, babu ɗan'uwan da ya yi mata abin da ka yi, da ka riƙe ni shekara shida a gidanka ina sakandare. Ban manta ba, Kawu.

An ba ni ɗaki a hawa na huɗu. Gado ɗaya, taga ɗaya, da tebur mai gurguwar ƙafa, sai da na ninke takarda na cusa masa. Da ka ga haɗin da aka yi wa teburin nan da ka yi tsaki har maƙwabta sun ji. Mu goma sha tara ne a aji, daga ƙasashe daban-daban, duk an kawo mu musayar ɗalibai na zango ɗaya mu karanta dokar kasuwanci. Malamarmu wata tsohuwa ce siririya, tabaranta rataye a wuya, ba ta dariya kuma ba ta maimaita magana.

Ga abin da ya kawo ni. Ta ce kowa ya zaɓi wata sana'a ta gaske a ƙasarsu ya rubuta yadda take a idon doka. Wasu sun zaɓi bankuna, wasu kamfanonin jirgi. Ni kuwa shagonku ne ya faɗo mini, kai da Baba Mai Soso: kai kana haɗa ƙashin kujera, shi yana sa mata soso da yadi, shekara talatin da ɗaya ba takarda a tsakaninku. Da na faɗa a aji sai da malamar ta ɗora tabaranta ta dube ni. Ta ce wannan ne aikin da take son karantawa.

Don haka ka amsa mini: wa ya kama hayar shagon? Kayan aiki na wane ne? In ɗayanku ya faɗi, Allah ya kiyaye, yaya za a yi?

Kuma makarantar ba ta yarda a rubuta labarin mutum sai ya sa hannu cewa ya amince. Ga takardu biyu na haɗo, ɗaya taka ɗaya tasa. Da harshen ƙasar nan aka rubuta su, amma babu komai a ciki sai amincewa. Ku sa hannu ku dawo mini da su kafin ƙarshen Oktoba.

Kai kam Kawu ka yi sa'a. Sati uku kawai na yi a aji, amma na riga na gane cewa in sunanka ne a takardar hayar shagon, ranar da aka tashi rabuwa Baba Mai Soso zai sha wuya kafin ya nuna yana da ko ƙusa ɗaya a wurin. Ka ga amfanin tura 'ya karatun lauya ke nan.

A gaida Gwaggo, a gaida Baba Mai Soso.

'Yarka.

29 ga Satumba

Uwata,

Wa alaikumus salam. Mun ga wasiƙarki, mun ji daɗi. Muna lafiya. Ƙafar Gwaggonki ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye. Ki riƙa rufe ƙirjinki, murar baƙon wuri ba ta da kunya. Tebur kuwa ki juya shi ki duba ƙarƙashi, na rantse gam kawai suka shafa.

Tun da aka sa miki sunan mahaifiyata na san za ki yi tambaya irin tata, wadda ba ta barin mutum ya haɗiye yawu. To ga amsa. Hayar shago ni na kama, saboda ranar da mai wurin ya zo Mai Soso ya tafi sayen yadi, ni aka tarar. Shi ke nan dalilin. Kayan aiki kuma, zarto da inji ni nake taɓawa, keken ɗinki da almakashi shi yake taɓawa, sauran duk wanda hannunsa ya kai. Kwaɗo ɗaya ne a ƙofa, makulli biyu. In ɗayanmu ya faɗi, ɗayan zai ɗauke shi ya kai asibiti. Ban san wata amsa ba bayan wannan.

Ki rubuta wa malamarki cewa mu ba ma yawan magana. Tun da kunnena ya tafi, sai mu yini ba mu yi kalma goma ba. In na gama ƙashin kujera sai in tura shi ɓangarensa, ya san ma'anarsa. In yana son a rage tsawon hannun kujera sai ya zana alli a wurin ya turo mini. In matarsa ba lafiya, ina ganewa daga yadda yake taka keke. Abin da kowa ke so daga ɗan'uwansa, ajiye masa yake yi a wurin aikinsa ya wuce. Haka muke, kuma ba mu taɓa kai ƙarar juna ko wurin matanmu ba.

Takardarki na sa hannu a tawa. Tasa kuma, gaskiya na ji nauyin in tsaya a gabansa da biro kamar ɗan sanda, ga shi in ya tambaye ni wani abu ba lallai in ji ba. Sai na yi yadda muka saba: na ɗora masa ambulan ɗin gaba ɗaya a kan kekensa, na ɗora biro a kai, zan fita sayen katako yanzu in jefa wannan a gidan waya. In ya sa hannu zan aiko miki duka biyun.

Ki yi karatu, lauyar gida. Ki bar yi wa tsofaffi duba.

Kawunki.

2 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni ma lafiya, sai sanyi da ya fara shiga ƙashi.

Kawu, Oktoba ta wuce. Kullum in na dawo daga aji sai na buɗe akwatin wasiƙu da ke ƙasan bene, ba komai sai takardun talla. Har mai gadin ginin ya gane ni, da ya hango ni sai ya girgiza kai tun kafin in sa makulli.

Na kira Gwaggo sau biyu. Ta ce kuna lafiya, ta ce kana shago, da na ambaci takarda sai ta ce tukunya na ƙonewa. Na tambayi Inna, ta ce ba ta san komai ba.

Wasiƙarka ta baya na fassara wa malamarmu wurin allin nan da tura ƙashin kujera. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in kawo takardun amincewa nan da sati biyu, in ba haka ba ba za ta karɓi aikin ba ko da zinariya na rubuta shi. Na riga na rubuta shafi goma sha huɗu. Duk 'yan ajinmu sun miƙa nasu, har wanda yake bin wani babban kamfani ya samu sa hannu, ni da nake bin kawuna na rasa.

Don Allah sa hannu ɗaya ne. In Baba Mai Soso ya ɓatar da tasa, ga wata na sake haɗowa.

'Yarka.

15 ga Nuwamba

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Gwaggonki na gaishe ki.

Takardar ba za ta zo ba. Kada ki ƙara aiko da wata. Ki nemi shagon wasu ki yi karatunki a kai.

Allah ya ba da sa'a.

Kawunki.

27 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a ƙasan bene, na juya bayanta ko akwai saura, babu. Layi huɗu, Kawu, bayan sati shida ina jira. Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye maka ba.

In laifi na yi, ka faɗa mini. In kuwa abin da nake zato ne, wato kuna ganin 'yar da kuka raina ta tafi waje ta dawo tana yi muku tambayar wa ke da me, to ka yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba rabon gado na nema ba, ba shago na nema ba. Sa hannu na nema a takardar da ba ta ɗaure kowa. Kai ka ce in yi karatu, kai ka raka ni jarrabawar shiga jami'a ka zauna a rana awa huɗu. Yanzu da karatun ya zo ƙofarka sai ka ce in je shagon wasu?

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? A ajin nan kowa na kallon irinmu kamar mutanen da ba su san tsari ba. Ni kuma na miƙe na ce a wurinmu akwai mutum biyu da amana ta riƙe su shekara talatin da ɗaya, abin da takardunsu ba sa iya yi. Na yi alfahari da ku a gaban mutum goma sha takwas. Jiya malamar ta tambaye ni a gabansu ina takardun, na ce suna hanya. Ta ce amanar tana da sauri a baki, sai dai ba ta da saurin sa hannu. Aka yi dariya.

Ta ƙara mini kwana goma, na ƙarshe. Ban sake haɗo takarda ba tunda ka hana. Amma ina da haƙƙin in san dalili.

'Yarka.

9 ga Disamba

Uwata,

Wa alaikumus salam. Jiki lafiya. Gwaggonki ta ce in daina cewa muna lafiya tunda ba gaskiya ba ne, kuma ita ta gaji da ƙona tukunyar ƙarya duk lokacin da kika kira.

Kin ce kina da haƙƙin sanin dalili. Kina da shi. Na ɓoye ne don kada in raba miki hankali a ƙasar mutane, kuma don rabin laifin nawa ne, tsoho kuwa ba ya son rubuta wautarsa da hannunsa.

Mai Soso ya bar shagon. Yau sati tara.

Kin tuna na ce na ɗora masa ambulan gaba ɗaya? To har da wasiƙarki a ciki. Ban cire ba, ban ma tuna ba. Ni da na karanta maganarki ta ƙusa dariya na yi, na ce yarinya ta fara jin ƙamshin lauya. Ban tsaya na yi tunanin yadda za ta zauna a idon wanda aka ambata ba. Ki duba abin da ya tarar a kan kekensa: takarda da harshen da bai iya ba, na riga na sa hannu a tawa, ga biro an ɗora masa, ga wasiƙa da Hausa ɓaro-ɓaro tana cewa ranar rabuwa ba shi da ko ƙusa. Ni kuma na fice ban ce masa uffan ba.

Da na dawo da katako na tarar ya rufe keke ya tafi. Washegari ya zo ya yi aiki bai dube ni ba. Na ga yadda yake taka keken, na ce ko jikin matarsa ne. A rana ta uku, kamar yadda na ji daga baya, ya kai takardar wurin mutumin nan da ke zama da tebur a bakin kotu yana rubuta wa mutane ƙorafi. Shi kuma ya karanta ya ce masa takardar na cewa ya amince masana doka su binciki yadda shagon yake da wanda ya mallaki abin da ke ciki. Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma ya ƙara da cewa in shi ne ba zai sa hannu ba, don haka ake fara korar mutum.

Ranar Litinin ina cikin yanka, inji na kuka, ban ji komai ba. Da na juyo sai na ga rabin shagon fili. Ya kawo mota ya ɗora kekensa da almakashinsa da tabarmar sallarsa. Yadi da soso duk ya bari. A kan bencina ya ajiye makullinsa da wasiƙarki a buɗe, ya ja layi da alli a ƙarƙashin maganar.

Na bi shi titi da zarto a hannu, ko ajiyewa ban yi ba. Na riƙe ƙofar motar. Ya faɗi wata magana, ban ji ba. Na ce, "Me ka ce?" Ya sake faɗa, ga motoci na wucewa, na sake cewa, "Me ka ce?" A karo na uku ya ɗaga murya yadda duk layin suka ji, har masu walda suka kashe wuta. Ya ce, "Na ce ko ƙusa ban ɗauka ba, je ka duba!"

Shekara talatin da ɗaya bai taɓa ɗaga mini murya ba, ko don in ji.

Na je gidansa sau uku. Sau biyu aka ce ba ya nan, ga takalmansa a ƙofa. Na uku ya fito muka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Na yi bayani iyakar iyawata, ya ce ya ji. Na ce wasan yara ne. Ya ce yara ba sa zuwa da takarda.

Yanzu ƙashin kujera goma sha ɗaya ne jere a shago tsirara. An kawo mini wani mai kushin, ya yi kwana biyu na sallame shi, yana magana da yawa kuma yana jan yadi kamar yana jin haushinsa. Da safe in na buɗe kwaɗo sai in tsaya in rasa ta inda zan fara. Ina kewarsa, Uwata, fiye da yadda na yi kewar kunnuwana.

Ban yi fushi da ke ba. Amma magana zarar bunu ce, ta baki ma ke nan, balle wadda aka rubuta.

Kawunki.

21 ga Disamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan tambayi lafiyarku ba bayan abin da na karanta. Allah ya sa jikin dai da sauƙi. Ni ban da lafiyar zuciya.

Ka yafe mini. Ka yafe mini wasiƙar farko, ka yafe mini ta bayan nan da na cika ta da tsiwa ina maganar dariyar 'yan aji, kai kana zaune da rabin shago. Na karanta taka a kan matakala, na kasa hawa sauran benen sai da mai gadi ya zo ya tambaye ni ko mutuwa aka yi. Baba Mai Soso ne ya ɗinka mini jakar makaranta da ragowar yadi shekarar da na zo gidanka. A kansa na rubuta wannan magana don in burge ka.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma dole ka sani. Na je ofishin malamarmu na gaya mata komai, na fassara mata layin da aka ja wa alli. Sai ta ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ce daga darasinta na fahimta. Ta jawo littafinmu ta buɗe babi na tara, wanda ba mu kai ba sai watan jiya, lokacin hankalina yana kan akwatin wasiƙu. Ta ce mutum biyu da suka yi shekaru suna aiki tare, riba tasu asara tasu, kotuna da yawa suna ɗaukarsu abokan tarayya ko babu takarda, kuma sunan da ke kan haya ba shi kaɗai ake dubawa ba. Ta ce, "Sati uku kika yi a aji kika yanke hukuncin da alƙali zai yi wata shida yana tunani."

Ka ji, Kawu. Ba zafi kawai maganar ta yi ba, ko daidai ba ta kasance ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuma ban tsaya a wuyana ba sai da na rataya muku.

Na ce mata na janye aikin. Shafi goma sha huɗun nan ba wanda zai karanta su. Ta ce zan rasa makin wannan ɓangare, sai in dage a jarrabawa in ina son in tsira da kwas ɗin. Na ce na ji. Wannan ba damuwarka ba ce, kada ka sa a ranka.

Ga wata wasiƙa a ciki, ta Baba Mai Soso ce, da Hausa, da hannuna. Na gaya masa ni na rubuta, ba wanda ya sa ni, ka ga maganar ne rana ɗaya da shi. Na gaya masa abin da babi na tara ya ce. Na roƙe shi gafara.

Na san ka ce kada in ƙara aiko da takarda. Wannan ɗaya ce, ta ƙarshe. Don girman Allah kada ka ajiye ta a kan komai. Ka miƙa masa hannu da hannu, ka tsaya har ya gama karantawa, ko zai ɗauki yini.

'Yarka mai neman gafara.

19 ga Janairu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, wannan karon Gwaggonki ta yarda in rubuta haka. Muna yi miki addu'ar jarrabawa. Na yafe miki tun kafin ki roƙa, ki cire wannan daga ranki ki yi karatu.

Na kai masa. Na same shi a ƙofar gidansa ya kafa keke ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, yana facin kujerar mota. Mutumin da ya yi kujerun ɗakin taro guda ɗari biyu. Na miƙa masa hannu da hannu kamar yadda kika ce, na tsaya. Ya karanta sau biyu. Ya shiga gida ya fito mini da kujera, na zauna.

Da zai ba ni amsa bai yi magana ba, ya san halin kunnena kuma ba ya son a sake tara mana jama'a. Ya yago kwali ya rubuta. Ga abin da ya rubuta, kwalin na gabana:

"Na yarda yarinya ba da nufi ta yi ba. Na yarda kai ma ba da nufi ka yi ba. Amma wata uku ina kwana da tunanin matata in na riga ka barin duniya. Abin da yarinyar ta faɗa da farko ko kuskure ne, wata rana 'ya'yanka za su ji shi daga bakin wani lauyan da bai kai babi na tara ba. Zan dawo, amma sai da takarda."

Na karanta, na ga bai faɗi ƙarya ba. Na ce to.

Ya dawo ranar Asabar. Na mayar masa da makullinsa, ya karɓa. Kujeru goma sha ɗayan nan saura huɗu, hannunsa bai manta komai ba. Maƙwabta sun zo suna ta barka, masu walda har da tafi. Kowa na cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, komai ya wuce.

Saboda haka ga aiki na ba ki, ke da kika iya. Ki rubuta mana takardar. Da Hausa, yadda ni da shi za mu karanta ba sai an kai bakin kotu ba. Ki sa sunansa a gaba da nawa. Ki sa cewa shagon namu ne mu biyu, in ɗaya ya rasu iyalinsa na da rabi. Ki nuna wa malamarki ta duba, kada a sake samun babin da ba a kai ba. Ya ce kuma a jera kayan aiki, kowanne da mai shi. Mun yi yini guda muna wannan, yana ɗagawa ina nuna ƙirjina ko in nuna shi. Akwai abubuwan da muka tsaya muna kallo, ba wanda ya tuna wa ya saya. Jerin na nan a bayan wannan takarda.

Kada ki ce ban gode ba. Ya dawo, kuma ke kika dawo da shi. Amma tunda kin ce in daina ɓoye miki, bari in gaya miki abin da ya faru jiya.

Ina aiki sai na ga inuwa a kan bencina. Na ɗaga kai, shi ne a tsaye. Ya nuna filaya da ke rataye a bango, wadda ta faɗo a ɓangarena cikin jerin. Na ɗauka wani abu ya same ta, na duba, lafiyarta lau. Ya ci gaba da tsayuwa yana nuna ta. Sai can na gane izini yake jira.

Na gyaɗa masa kai. Ya ɗauka, ya cire ƙusar da zai cire, ya goge ta da gefen rigarsa, ya mayar inda take. Sannan ya matso kusa da kunnena ya ce ya gode.

Ki hanzarta da takardar.

Kawunki.